Yadda Marka Ta Raba Yawu da Gishiri

Dalilin da ya sa yawun bakinku ba shi da gishiri, ku da kuka dame ni da tambaya tun ɗazu, ba magana ce da ake yi a tsaye ba. Ku samu wuri ku zauna. Kowa a cikinku ya taɓa lasar hawayensa, musamman kai Sagiru da kuka ba ya yi maka wuya. Kun kuma san ɗanɗanon zufa in ta gangaro bakin mutum da tsakar rana. Dukansu gishiri ne. Amma yawu, duk da jiki ɗaya ne ya haife su, salam yake kamar ruwan randa. Akwai wadda ta sha wuya kafin hakan ta samu, ya kuma kamata ku san sunanta.

A can zamanin da, fuskar mutum ba ta fitar da ruwa ko ɗigo. Ba hawaye, ba zufa, ba yawu. Kuka murya ce kawai, baki kuwa a bushe yake ƙayau. In za a ci tuwo, kowa da goran ruwansa a gefe, loma ɗaya kurɓi ɗaya, in ba haka ba lomar ta tsaya a maƙogwaro. Magana ma tsada gare ta, don harshe kafewa yake yi. Doguwar gaisuwar nan da kakanninku ke ja, tun daga gajiya har a gangaro kan awaki, babu ita. "Sannu." "Yawwa." Kowa ya kama gabansa. Gulma kuwa sai mai rijiya a gida.

A wani gari da ke gindin dutse akwai wata mata, Marka, da mijinta Dogara, da 'yarsu guda ɗaya tilo, Kyauta, wadda suka samu bayan sun daɗe suna nema. Marka mai lambu ce, ta gada a wurin ubanta. Lambun nan abin dariya ne a garin, domin idanun ruwa uku da ke shayar da shi duk na zartsi ne, wato ruwa mai gishiri-gishiri wanda ko jaki ya sa baki sai ya ɗaga kai. Ɗaya ruwansa tsararo ne mai gudu, ɗaya mai yauƙi ne kamar miyar kuɓewa, na tsakiya kuma, wanda ya fi su girma, ya haɗa halin biyun.

Uban Marka ya koya mata yadda ake bi da irin wannan ruwa. Ba a sakinsa kai tsaye cikin fangali. Sai an haƙa masa 'yan hanyoyi sirara, ƙanana na zubawa a manya, a yi wa gefensu 'yan kunyoyi da yumɓu, a bar ruwan ya yi ta tafiya a hankali. Kafin ya isa gindin shuka, yumɓun ya tsotse gishirin, ruwan ya iso salam. Aiki ne mai cin rai. Kullum da safe Marka na can a durƙushe tana kwashe yashin da ya rufe idanun ruwan da hannunta, masu wucewa na cewa wahalar gida ce ba ta ishe ta ba.

Sai aka yi wata shekara ruwan sama ya ƙi sauka. Hatsi dai akwai, rumbuna cike suke da geron bara. Rijiyar gari ce ta ja baya, har aka sa wani dattijo mai suna Korau ya zauna a bakinta yana raba wa kowane gida ɗan gora guda a yini. Ruwan ya isa riƙe rai, amma bai isa raka loma ba. Tuƙa tuwo aka daina zancensa, sai dai a soya gero a daka. Mutane suka shiga ramewa ga abinci a gabansu, yara kuma suka fi kowa jin jiki.

Nonon Marka ya ƙafe. Ta daka wa Kyauta gari mai laushi ta sa mata a baki, yarinyar ta yi ta juya shi har ta ƙware, garin ya fito a bushe yadda ya shiga. Ita da Dogara suka bar wa yarinyar ruwan gidan, sai ɗan abin da za su jiƙa maƙoshi, duk da haka kafin cikinta ya san ta ci wani abu gora ya ƙare. Yarinyar da ta fara guje-guje a tsakar gida ta koma ba ta iya zama sai an tokare ta. Tsoro ya kama Marka ƙwarai, har ba ta son tsayar da ido a kan fuskar 'yarta.

Lambu kuwa ba ta daina zuwa ba, ko da yake idanun ruwan su ma sun ja baya. Ɗan abin da ke tsattsafowa, rana na shanye shi tun bai kai rabin hanya ba. Wata safiya tana kwashe yashi kamar yadda ta saba, sai ta ji an ce, "'Yar nan, bar wahalar da hannunki."

Ta ɗaga kai ba ta ga kowa ba. Ashe daga idon ruwa na tsakiya muryar ke fitowa, murya irin ta tsohuwa.

"Mu ma tafiya za mu yi," in ji muryar. "Rana ta ci ƙarfinmu. Ba don ke ba, da tuni yashi ya binne mu. Ba mu da abin ba ki, amma mun ga bai dace mu tafi ba sallama ba."

Marka ba ta firgita ba. Wadda 'yarta ke wannan hali ba murya ce za ta ba ta tsoro ba. Ta ce, "Inna, da rana ba ta ganinku, za ku rayu?"

"Da mun samu inuwa da ɗan abin da zai riƙe mu, za mu rayu. Amma ina inuwar da rana ba ta leƙawa?"

Sai Marka ta nuna bakinta.

Idon ruwan tsararo, wanda ya fi su rawar kai, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Mu masu zartsi? Ai ƙone miki harshe za mu yi, ƙishirwarki ta ninku."

"Ba kai tsaye za ku fito ba," in ji Marka. "Yadda Baba ya yi muku a nan, haka za ku yi a can."

"Wa zai yi haƙan? Fartanyarki ba ta shiga kunci."

"Ku ruwa ne. Dutsen nan ma ai ku kuka huda shi."

Ta tashi ta zaro wata zangarniyar dawa da ta saƙale a bukkar lambu don iri, ta kawo musu. Ta ce, "Ku duba nan. Kowace ƙwaya ɗan gurbi ne inda za ku tsattsafo. Kowace ƙwaya da ɗan silinta. Siraran su haɗu a reshe, rassan su haɗu a kara, karan ya ɓullo cikin baki. A rassan tsakiya ku yi kunyoyi, su tsotse gishirin su mayar wa jiki. Abin da ya fito in haɗiye, ya dawo muku. Ku ba za ku ƙafe ba, ni kuma in samu abin jiƙa wa yarinyar nan abinci."

Idanun ruwan suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, sannan tsohuwar ta ce, "Dabararki ta yi. Amma ki sani, in mun shiga ba za ki buɗe baki ba sai mun gama. Ba magana, ba tofarwa, ba haɗiya. Kika buɗe, mun zube a yashi, shi ke nan mu da ke. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ranar da muka tashi daga nan, lambun ubanki ya mutu. Ko damina ta dawo ba zai sake tsiro ba."

Marka ta dubi lambun. A nan ta yi rarrafe, a nan ubanta ya kama hannunta ya ɗora a kan ƙotar fartanya. Duk abin da ya bar mata a duniya shi ke nan. Abin ya yi mata ciwo, ba ta kuma ɓoye ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba zai yafe mini. Ku shigo."

Ta kafa baki a kan idanun ruwan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya rabu biyu, rabi dama rabi hagu, don in ɗaya ya toshe ɗaya ya yi aiki. Mai tsararo ya haye sama ya zauna gaban kunne, wai shi yana son jin labari. Tsohuwar ta samu wuri a ƙarƙashin muƙamuƙi. Mai yauƙi, da yake ba ya son tafiya mai nisa, ya kwanta ƙarƙashin harshe.

Nan take gishirin ya fara cin bakinta. Kumatunta suka kumbura kamar mai hangum. Wasu 'yan ɗigo marasa haƙuri suka ƙi jiran a gama haƙa, suka nemi hanyar fita da kansu, waɗansu ta ido, waɗansu ta goshi. Su ne hawaye da zufa na farko a duniya.

To, hanyar gidan Marka ta bakin rijiya ta bi, ga jama'a a jere suna jiran rabo. Korau ya hango ta.

"Marka, tsaya. Me ke cikin bakinki?"

Ta tsaya, ta ƙara matse leɓɓanta.

Wata mata daga cikin jerin ta ce, "Ruwa ne ta guntsa. Dubi har yana tsiyaya ta idonta. Mu muna nan rana na dukanmu, ita ta zagaya ta cika kumatu."

Ba wanda ya taɓa ganin ruwa ya fito a fuskar mutum, don haka kowa ya yarda na rijiya ne ya yi mata yawa. Korau ba mugu ba ne. Shi ma jikarsa na kwance a gida yadda Kyauta take. Amma amanar rijiya na wuyansa, idon jama'a kuma na kansa.

Ya ce, "'Yata, ruwa ba ya tsami banza. In ba ki taɓa rijiyar nan ba, buɗe baki mu gani, magana ta ƙare."

Marka ta girgiza kai.

"To, goran gidanku na nan a hannuna. Ranar da kika buɗe baki, a zo a karɓa."

Garin da ba a iya gulma, ranar sai ga labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Dogara a ƙofar ɗaki, Kyauta na kwance a kan tabarma.

Ya ce, "Marka, ban tambaye ki ko kin ɗiba ba. In ma kin ɗiba, na san don wa kika ɗiba. Zuba mata, ni in je in ba Baba Korau haƙuri."

Ta girgiza kai.

"Ban gane ba. Ruwa a bakinki, yarinyar nan na wannan hali, ki hana ta?"

Kyauta ta buɗe ido ta ga uwarta. A hankali ta ce, "Inna."

Ku yara ba za ku san nauyin wannan ba tukuna. 'Yarka ta kira ka da ɗan sauran muryar da ta rage mata, kai kuma ko na'am ba ka da ikon cewa. Marka ta durƙusa ta riƙe hannun yarinyar, bakinta a rufe gam.

Ran Dogara ya ɓaci. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma ranar sai ya kama haɓarta zai buɗe bakin da ƙarfi. Ruwan idonta ya jiƙa masa yatsu. Da yake shi ma ƙishirwa na cinsa, bai san lokacin da ya kai yatsun bakinsa ba. Sai ya tsaya cak. Ya sha taya ta aikin lambu, ya san wannan ɗanɗano.

"Wannan ba ruwan rijiya ba ne," in ji shi. "Na lambu ne."

Ta gyaɗa kai.

Ya sake ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Ban san abin da kike yi ba. Amma ban taɓa ganin kin fara haƙa hanya kin bar ta a rabi ba. Yi abinki."

Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya yana yi mata fifita. Maƙwabta suka yi ta leƙowa suna cewa ya tilasta mata, ya ce kowa ya koma gidansa, bakin matarsa ba ƙofar rumbun kowa ba ne.

Marka tana zaune tana jin aikin da ake yi cikin kumatunta, kamar tururuwa na bin juna. Yini ya wuce, gari ya sake wayewa, gidan ba ko kurɓi ɗaya. Kyauta ta yi ta kiran Inna, kiran na raguwa, har ta daina. Wannan shirun shi ya fi komai wuya. Marka ta shiga tunanin ko ta ba da lambu, ta ba da ruwan gida, ta kuma ba da 'yarta a banza. Sau da yawa leɓɓanta suka yi rawa za su rabu, ta sa tafin hannu ta danne su.

Da hantsi ya ɗaga, sai ta ji zafin ya fara sauka. Wani ɗan ɗigo ya ɓullo daga cikin kunci, daidai haƙoran tauna na sama, da sauran gishiri kaɗan. Wani ya biyo shi daga ƙarƙashin harshe. Wannan kam salam yake. Sai ta ji muryar tsohuwar can kusa da kunnenta: "Haɗiye, 'yar nan. Mun gama."

Ta haɗiye. Ba ta tsaya magana ba, ta ɗebi soyayyen gero ta watsa a baki ta fara tauna. Tsararon ya jiƙa shi, mai yauƙin ya naɗe shi, geron da ɗazu yake kamar yashi ya zama laushi luƙui. Ta karɓi yarinyar daga cinyar ubanta, ta buɗe mata baki da ɗan yatsa, ta kafa nata bakin ta zuba mata.

Suka zuba ido. Ba motsi. Dogara ya kau da kai, ya kasa kallo.

Can sai maƙogwaron yarinyar ya motsa. Lomar ta wuce, ba kurɓin ruwa, ba tari. Marka ta sake taunawa ta ba ta, ta wuce. Kafin wani lokaci Kyauta da kanta ta buɗe baki tana jira, ga leɓɓanta sun yi damshi, don idanun ruwan sun bi taunar sun yi reshe a bakinta. Ita ba kumburi ba ciwo, tunda an riga an koyi hanya. Dogara ya zame ya zauna a ƙasa, yana ta faɗin "Madalla, madalla."

Ana cikin haka aka yi sallama. Korau ne, da goran gidan a hannunsa.

Ya ce, "Dogara, karɓi. Ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, yarinya ba ta yi laifin komai ba. Na kasa samun sukuni."

Sai idonsa ya faɗa kan Kyauta tana motsa baki, ba gora a gefenta. Ya dubi Marka, ya ga kumburin ya sace. Kunya ta kama shi, ya fara neman kalmar ban haƙuri. Marka ba ta bari ya samo ta ba. Maganar farko da ta fito daga bakin nan da ya sha wuya ita ce, "Baba, je ka ɗauko jikarka."

Ranar gidan Marka ya cika. Ta yi ta tauna har muƙamuƙinta ya gaji. Duk uwar da aka ba loma ɗaya, ta koma gida ta tauna wa nata. Har matar nan da ta ce ta guntsi ruwan rijiya ta zo da goyonta, kanta a ƙasa, aka ba ta ba gori. Ɗan goran da da ba ya isar loma huɗu, yanzu ya ishi gida, domin an daina raka abinci da shi. Haka garin ya kai damina da yaransa.

Da ruwa ya sauka, ko'ina ya yi kore shar, sai wuri ɗaya. Marka ta je lambun ta tarar da hanyoyin da ubanta ya haƙa sun tsattsage, ko ciyawa ba ta fito ba. Ta zauna a bakin fangali ta yi kuka sosai, yanzu da akwai hawayen yi. Ba ta sake yin lambu ba har ta bar duniya. Amma mutanen garin ba su bar ta ta nemi kayan miya ba. Duk wanda ya tsinki na farko a gonarsa, ƙofarta yake fara kaiwa. Kyauta kuwa ta girma, ta haifi nata, ta tauna musu.

To, abin da ya sa ke nan har gobe hawaye da zufa suke da gishiri, don ba su jira an gama gyara musu hanya ba. Yawu kuwa ya bi doguwar hanya, ya bar gishirinsa a kan kunyoyi, shi ya sa in miya ta yi salam ko gishiri ya yi mata yawa, harshenku ke iya ganewa. Idanun ruwan na nan inda suka zauna. In kun gatsi tsamiya kuka ji wani abu ya tsira muku a gaban kunne, mai tsararo ne ya zabura. Gwaggonku mai aikin asibiti ta taɓa nuna mini hoton wurin, wanda aka ɗauka da madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ga 'yan gurabe cunkus, ga siraran hanyoyi na zubawa a manya, har da masu zane-zane a jikinsu waɗanda ta ce su ke janye gishiri. Na daɗe ina kallon hoton nan, raina cike da godiya.

Saboda haka, ke Nusaiba, in an ba ki goyon ƙaninki ya dalalar miki da yawu a sabuwar riga, kada in ji kin yi tsaki. Idanun ruwansa ne suka buɗe. Ki sa gefen zane ki share masa haɓa, ki gode wa Allah. Wannan yaro zai ci ya haɗiye, kuma sai da wata uwa ta ba da gadon ubanta, ta ji kiran 'yarta ta kasa amsawa, kafin ya samu abin ɓata miki riga.